Kiɗan Da Ya Yi Mini

"Ka bar injin nan, Malam! Don girman Allah ka bar shi!"

"Mi kika ce?"

Ai kun ji. Abin da muke faɗa a kansa ke nan, ga shi ya sake nuna kansa. Na matsa kusa da kunnensa na hagu, wanda ke da ɗan dama-dama, na maimaita.

"In bar shi, wa za ya ci da Goggo? Wa za ya riƙa ɗiyan Rabo?" Ya yi murmushi ya ja mini hanci. "Tsahara tawa, ke dai rigima."

Mijina Mutari, Allah Ya yafe mini da na kama sunansa, ba mai niƙa ba ne. A Yamai ya yi lakwal, wato makarantar boko, can ya koyi wani irin kiɗa da babu ganga babu goge. Tsofaffin rediyo yake fasawa, ya harhaɗa wayoyinsu cikin akwati, ya murɗa, akwatin ya yi kuka. Sai ya ɗauki kukan a manyeto, na'urar ɗaukar murya, ya yanyanka zaren kaset ɗin da reza, ya liƙa wannan da wancan. Ran da na fara ji na ce masa sauro ne ke biki. Ya yi dariya har da hawaye, ni kuma tun daga ranar na mutu a kansa.

Shekarar da fari ya cinye gero, wansa Rabo ya rasu, ya bar tsohuwarsu Goggo da yara da injin niƙa a bakin kasuwar Konni. Muka tattaro muka dawo. Injin nan ya ciyar da mu, ba zan yi masa butulci ba, amma kunnen mijina ya riƙa ci a madadin ladansa. Mun je likita, mun sha rubutu, Goggo ta ɗiga masa man shanu mai ɗumi. Kullum jiya ta fi yau.

Duk da haka bai daina ba. In ya dawo, gari fari fat har gashin ido, sai ya shige ɗaki ya rufe. Ya ce kiɗa yake yi mini, kuma ba zan ji ba sai ya gama. Wani abokinsa a Yamai ya yi alkawarin sa shi a rediyo, wataƙila ma a kira shi aiki.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya kamo hannuna.

"Zamna nan, hasken idona. Na ƙare!"

Ya danna manyeto. Zare ya fara juyawa.

Na kasa kunne. Shuuu... kamar iska a cikin kara. Na jira. Shuuu... Daga waje ina jin awakin Goggo, ina jin yara na gardama, amma daga akwatin nan babu komai. Ko wata waya ce ta tsinke, ko wani abu ya ƙone a ciki, ban sani ba. Watanni yana ɗaukar shiru yana yanka shi da reza, babu kunnen da zai gaya masa.

Shi kuwa ya lumshe ido yana kaɗa kai, yatsansa na bin wani abu a iska.

"Nan wurin... kin jiya? Nan ne ran da na hwara ganinki bakin rijiya."

Hawaye suka ɓalle mini. Ya buɗe ido ya gani, fuskarsa ta cika da murna irin wadda rabona da ganinta tun Yamai.

"Har ya sa ki kuka? Alhamdu lillahi! Gobe in ba direba ya kai shi."

Wayyo ni! In na yi shiru, a Yamai za su kunna, su yi masa dariya ko su ji tausayinsa, ban san wanne ya fi ciwo ba. In na faɗa, ni na kashe shi da bakina.

Na rungumo kansa na raɗa masa a hankali, "Masoyina... babu komi ciki."

"Mi?"

Na ɗan ɗaga murya. Ya girgiza kai, yana nan da murmushinsa.

Maganar da ta kamata a faɗa wa miji a ɓoye, ni sai da na cika ƙirji na kwarma ta.

"Babu komi ciki, Malam! Bai ɗauka ba!"

Yara suka bar gardama. Na ji Goggo ta saki salati a tsakar gida.

Ya daɗe yana kallon zaren na juyawa. Bai yi fushi ba, da ma ya yi. Ya miƙa hannu ya kashe, ya zame ƙasa ya ɗora kansa a cinyata kamar yaro.

"Amma ni ina jin shi, Tsahara," ya ce. "Wallahi yana da daɗi... Ƙaƙa zan yi ki ji shi?"

Na shafa kansa. Ko ina da amsa ma, ba zai ji ba.