Furanni a Kan Kabarin Maƙiyi

"Wa ya ajiye furannin nan?"

Muryar mahaifiyar Gethin ce ta karaɗe maƙabartar da ke kewaye da ɗan tsohon cocin dutsen. Jama'a duk suka juyo.

Tegwen ta miƙe tana murmushi, gwiwoyinta duk taɓo. Baiwar Allah, ta zaci yabo ne ke tafe!

"Ni ce, Mama. Na ga yau Lahadin furanni ce, ranar ƙawata kaburburan dangi, na ce bari in gyara kabarin mahaifinki kafin ku iso..."

"Mahaifin wa?"

Tegwen ta waiga ta dubi dutsen kabarin.

Ita 'yar birni ce, son Gethin ne ya kawo ta wannan kwari na makiyaya, kuma tun da aka fara maganar aurensu uwar ba ta taɓa sakar mata fuska ba. Shi ya sa ta yi sammako don ta samu shiga a wurinta. Sai dai ruwan sama da gansakuka sun daɗe da cinye rubutun duwatsun kaburburan, kowane gida da ido ya san nasa. Nest ce ta nuna mata kabarin, 'yar maƙwabtan su Gethin, wadda ta taso tana sonsa kamar ranta.

"Kabarin mutumin da ya ƙwace wa ubana filin kiwo kika wanke!" in ji uwar. "Baƙin cikin hakan ne ya kashe ubana! Ga nasa can, ciyawa ta rufe!"

"Mama, ban sani ba... Nest ce ta ce wannan ne."

Nest ta dafe ƙirji.

"Ni? Haba ƙawata! Ko jaririn kwarin nan ya san kabarin nan."

Tegwen ta juya ga Gethin, hawaye na zuba.

"Rabin raina, ka san ba zan yi da gangan ba. Ka faɗa musu mana!"

Gogan naka ya sunkuyar da kai yana murza hula.

"Ai da kin tambaye ni, Tegwen..."

Abin da ya iya cewa ke nan, mutumin da ya sha rantse mata zai tare mata duniya!

Aka kaɗa ƙararrawa, kowa ya shige coci. A ciki kowane gidan gona da bencinsa mai 'yar ƙofa, yau kuma Gethin ya yi alkawarin zaunar da Tegwen a nasu, kowa ya shaida.

"Ki ɗan zauna a baya, masoyiyata, har Mama ta huce," ya raɗa mata.

Uwar ta yafito Nest. Shi da hannunsa ya riƙe mata ƙofar ta shiga.

Tegwen ta zare zoben baikon da ya sa mata, ta ƙarasa har gaban bencin ta miƙa wa Nest.

"Ungo, haɗa da wannan. Kin yi aiki."

Ta fito ta kama hanyar gangare, kunnenta na baya ko za ta ji takunsa.

Waƙar farko kawai ta jiyo, muryarsa a ciki.