Tulun Kaka Ya Tsage a Hanyar Gwangju

Wari ne ya fara tona asirin. Dasom na tuƙi, sun baro garin Jeonju ke nan, Baba, mahaifinta, na ta yabon tsofaffin gidajen katako da shinkafar da suka ci a kwanon dutse, sai Kaka ta ce a tsaya. Tulun da ta rungumo tun daga Seoul ya tsage daga wuya zuwa ciki, baƙin ruwa na bin siket ɗinta.

Irin ganjang ne na gidansu, gidan Yun, ruwan daddawar waken suya da ake ɗiban kaɗan kowace shekara a zuba cikin sabon haɗi. Kaka ta gaje shi wurin uwar mijinta, ita ma can haka ta gada. Saboda shi ma aka shirya tafiyar: a zaga kudu, a ci daɗi, a ga tarihi, a ƙare a Gwangju a danƙa shi ga amaryar yayan Dasom. Matar ɗa ake ba. 'Ya mace ba ta da rabo, tunda gidan wani za ta.

Baba ya ce a nemo roba. Kaka ta harare shi.

"Abin da ya girmi ubanka za ka zuba a roba?"

Ta ce sai dai tulun ƙasa, shi ma wanda ya taɓa riƙe ganjang. Dasom ba ta tambayi kowa ba, ta karya kan motar zuwa wata 'yar hanya tsakanin gonakin shinkafa. Sai da Baba ya hango hayaƙin matoyar tukwane da tuluna jere a gindin tsauni sannan ya gane inda aka nufa.

"Juya motar nan, Dasom."

"A'a, Baba."

Wurin Taegon ne, maginin tukwanen da ta haɗu da shi a baje kolin sana'o'i, wanda ya zo neman aurenta bara da kwandon 'ya'yan itace. Baba ko gaisuwar durƙuso bai bari ya yi ba. Ya ce gidan Yun gidan masana ne, ba ya ba da 'ya ga jikan masu yawo ƙauye-ƙauye da tukwane a gadon baya. Tun ranar ba ta ƙara ganinsa ba, sai muryarsa a waya.

Ga shi yanzu ya fito da gudu, yumɓu har gwiwar hannu. Idonsa ya tsaya a kanta. A hankali ya ce, "Kin rame, tawa..." Sai ya ga siket ɗin Kaka, ya juya ciki ba tare da an yi masa bayani ba.

Ya dawo rungume da wani tsohon tulu. Ya ce na marigayiya mahaifiyarsa ne, shi kaɗai ne ya taɓa riƙe ganjang, sauran duk sababbi ne. Amma fa akwai ragowar nata a gindin, kuma ba zai zubar ba.

Kowa ya san irin gida biyu ba ya haɗuwa a tulu ɗaya sai in aure ne ya haɗa su.

Baba ya ce gara ƙasa ta shanye shi. Ya ce dama makirci ne, ƙila ma tun a Jeonju aka shirya. Dasom ta dubi Kaka, tsohuwar ta danne tsagar da tafin hannu, ruwan na fita ta tsakanin yatsunta.

Dasom ta durƙusa ta karɓi tsagaggen tulun daga hannun Kaka.

"Tun ina ƙarama ni ke wanke shi, ni ke buɗe masa rana. Matar Yaya ko warinsa ba ta so. Kun ce ba ni da rabo, na haƙura. Kun ce in bar Taegon, na yi shiru. Amma ba zan tsaya ina kallon gadon Kaka na zubewa a ƙasa don girman kai ba."

"In kika zuba, kada ki ƙara kirana Baba."

Hawaye na ɗiga daga haɓarta. Taegon ya tallafi gindin tulun mahaifiyarsa. Ta zuba, har ɗigon ƙarshe.

Kaka ta tsoma ɗan yatsa ta lasa, ta daɗe tana juya harshe. Ta ce uwar yaron nan gishirinta ya ɗan yi yawa, amma ta iya. Sannan ta juya ga ɗanta.

"Kai kuma tsaya nan yaro ya yi maka gaisuwar da ka hana shi. Irin ya riga ya shiga gidansu. Ko za ka raba su da cokali?"

Baba ya kau da kai, amma bai gusa ba. Taegon ya kai goshinsa ƙasa, a cikin yumɓu da ganjang. Dasom ta rufe baki tana kuka tana dariya.

Ana haka sai ga wani tsoho ya gangaro daga wajen matoya yana dogara sanda. Taegon ya ce kakansa ne. Tsohon bai gaida kowa ba. Ya sunkuya ya kifa fasasshen tulun, ya shafa wata 'yar alama a gindinsa, irin wadda ke jikin duk tulunan wurin. Ya ɗago ya zuba wa Kaka ido.

"Bokrye... ashe ba ki yar da tulun da na gina miki ba."

Sunan Kaka ne na 'yanmatanci. Ko mijinta bai taɓa kiranta da shi a gaban mutane ba.

Baba ya dubi mahaifiyarsa. Kaka ta laluba ta kama hannun Dasom, ta ce a kai ta mota.