Ranar Da Jakar Lawwali Ta Bushe

A wancan lokacin, kowace safiya a gidansu na Damari, Lauratu kan durƙusa gaban mijinta Lawwali ta juye masa jakar da ke manne a cikinsa. Tun da aka cire masa mafitsara saboda ciwon daji, ta nan fitsari ke fita. Yakan ce, "Amarya, kin ga sadakin da kika samu?" Ta harare shi, su yi dariya.

Ran nan ta tarar da jakar kusan a bushe, ga shi yana dafe da kwiɓi, jiki zafi rau.

Uwarsa Hajiya Suwaibatu ta rangaɗa guɗa. "Jiƙon maganin da nake ba shi ya ci! Ramin zai toshe, ɗana ya koma kamar kowa!"

"Hajiya, likita cewa ya yi in ta bushe mu garzayo..."

"Ke! Mi kike nufi? Kin fi son shi da leda har abada? In kika fitar da shi, ki zarce gidanku can Yankara!"

Lauratu ta fashe da kuka. Ta rarrafa ta kama ƙafar Hajiya. "Na yarda ki kore ni. Amma a duba shi tukuna."

Lawwali ya ɗago da ƙyar. "Inna, ki yi mani izini. Wallahi bayana kamar wuta."

Hajiya ta juya baya. Suka tafi.

A asibitin Zariya aka yi masa sikanin, wato hoton ciki. Likita ya ce bututan da ke sauko da fitsari daga ƙoda sun tsuke daidai inda aka ɗinke su. Da an ƙara kwanaki, da ƙodojin sun lalace. Aka shiga tiyata, aka yanke wurin da ya tsuke, aka sake ɗinki.

Kwana uku sai ga Hajiya da kwanon fura. Ta daɗe tana kallon jakar tana cika.

"Ashe mutuwar ɗana nake wa guɗa," ta ce. "Ɗiyata, ki yafe mani."

Damina huɗu Allah ya ƙara wa Lawwali. Ya noma dawa, ya ɗauki 'yarsu Sumayya a kafaɗa. Allah ya jiƙansa.

'Yan'uwa, mai faɗa muku gaskiya yana kuka, kada ku kore shi. Ƙila shi ya fi kowa son naku.