Mamacin da Ya Ci Lissafi

Ranar Talata sakamakon jarrabawar gama sakandare ya iso makarantar da ke kan hanyar Kagara. Malam Gajere, malamin lissafi, shi ya manna takardar a allo. Yana shafa ta da tafin hannu don ta kwanta, sai hannun ya tsaya a layi na goma sha bakwai.

Haliru Yari: lissafi, A1. Sauran darussa duk bai zauna ba.

Haliru ya rasu tun kafin a fara jarrabawar. Ruwan madatsar Goronyo ya ci shi, kuma Malam Gajere na cikin waɗanda suka ɗauki makararsa.

A layi na huɗu kuwa an rubuta: Bara'atu Mode, lissafi, ba ta zauna ba.

Kafin azahar labari ya gama gari. Wasu suka ce aljanin ruwa ne ya ari kamanninsa. Ɗalibai suka daina bin bayan zauren jarrabawa ko da rana tsaka. Malam Gajere dai ya hau babur ya kai ƙara wurin Sufeto Maccido.

Sufeto ya fara da Bara'atu. Yarinya ce siririya, tana magana kanta a sunkuye. Ta ci jarrabawar shiga jami'a da maki mai yawa, har an ware mata gurbi a fannin injiniyan ruwa. Amma ba a karatun injiniya sai da kiredit a lissafi. Kwana tara aka ba ta ta kawo, ko a ba wani gurbin.

"Kin zauna lissahi?"

"Na zauna, Yallaɓai. Kujera ta biyu daga taga."

"Ina kujerar Haliru take?"

"Bayana. Ba kowa bisa."

"Kin waiga kin gani?"

"Ban iya waigawa ba. Shekara ukku muna karatu tare. Amma ban ji numhwashi ba."

Sufeto ya rubuta. Ya juya kan Malam Gajere, don wanda ya kawo ƙara ma ana tambayarsa.

"Malam, ran lissahi ina kake?"

"Wurno nike, wajen sunan ɗan ƙanena. Doka ta hana malamin darasi shiga zaure ran darasinai. Kuma Yallaɓai, in zan saci maki, sai in kai ma mamaci? Ni gajere na, amma hankalina bai kai nan ga gajarta ba."

An buga waya Wurno, mutum uku suka shaida shi ya riƙe ƙafar ragon suna. Sufeto ya cire shi daga zargi. Sai Malam Gajere ya ɗauko kwafin takardar sa hannu ta ranar lissafi. Ga sunan Haliru da sa hannu a gabansa, layin Bara'atu kuwa fayau. Sufeto ya kai takardar bakin taga. Yara arba'in da ɗaya, amma kowane sa hannu ya karkata gefe guda, kamar gero bayan iska. Mutum ɗaya ne ya sake rubuta takardar duka.

"Wa ya riƙe ta?"

"Mai sa ido da anka turo. Malam Faruk, mutumin Rara. Ran nan kaɗai yaz zo. Shi yal liƙe ambulan, shi yat tahi da ita."

Wanda ya yi, ya fara bayyana. Dalilin ne Sufeto ya kasa gani. Mutum mai hankali ba ya sayar da aikinsa don ya taimaki wanda ke kabari.

Ranar Laraba ya tafi gidan su mamacin. Kaltume, uwar Haliru, tana zaune a inuwar rumbu. Wani ya kwafo mata layin ɗanta a guntuwar takarda, ta ninke ta ƙulle a bakin zane.

"Inna, kin ji abin da aka hwaɗi?"

"Na ji. Haliruna yaz zo." Ba ta ɗaga murya ba. "Ran lissahin nan ita ta ranar arba'in ɗinai. Muna nan muna rabon sadaka, shi ko shina can shina cika alkawali. Ya ce min, Inna, ko mi za a yi sai na ci lissahi. Auta bai taɓa yi min ƙarya ba."

Sufeto ya yi mata gaisuwa ya fita zaure, inda Alhaji Yari ke jira. Alhaji wan mahaifin Haliru ne. Da ƙanensa ya rasu, shi ya riƙe yaron, ya sa shi makaranta da sunansa.

"Haliru ɗa na gare ni," in ji Alhaji, idonsa ya kawo ruwa. "Haliru bai taɓa saɓa min ba. Allah shi jiƙan Haliru."

"Amin. Akwai wani Yari ga takarda, layi na ashirin da biyu. Ya hwaɗi lissahi."

"Wancan? Karo na ukku ke nan."

"Karatun mi shika so?"

"Ni nika so mishi injiniya. Duk kasuwar albasa Injiniya aka ce mishi, don shina gyaran injin ban ruwa. Sunan na nan, takardar ta ƙi."

"Mi as sunanai?"

Alhaji ya kau da kai ya dubi tabarma. "Haba, Yallaɓai. Ɗan hwari na. Sunanai na ga takarda."

Sufeto ya rufe littafinsa a hankali. Sau uku aka ambaci Haliru a zauren nan, Kabiru kuwa, ɗan farin da ke layi na ashirin da biyu, ko sau ɗaya. Shi ma a gidansu haka ya tashi: har ubansa ya mutu bai taɓa kiran babban wansa da suna ba.

Ranar Alhamis ya isa Rara. Ya tarar da Malam Faruk a ƙofar gida yana shanya irin albasa. Labarin Kagara bai iso nan ba tukuna.

"Malam, yaro guda nika tambaya. Haliru Yari. Ya zauna lissahi?"

"Ya zauna. Da idona nig gane shi."

"Yaya kamatai?"

"Dogo, baƙi. Shiru-shiru."

"Ka yi mishi magana?"

"Na ce shi sa hannu, yas sa."

"Jikinai da ruwa?"

Malam Faruk ya ɗago. "Ruwan mi?"

"Na madatsa. Ran da kag gane shi, kwananai arba'in cikin ƙasa."

Kwaryar irin ta suɓuce daga hannun Malam Faruk. Ya zauna daɓas, bakinsa na salati. Ya daɗe yana duban hannunsa na dama, wanda ya sa hannun da shi, yana goga shi a riga. Ba a sake tambayarsa komai ba, da kansa ya faɗi.

Alhaji Yari ya tare shi a hanya da safiyar jarrabawa, ya yi masa alkawarin fadamar albasa ta rani guda. Da ya tambayi sunan yaron, Alhaji ya ce, "Ɗan wajena na. Ka duba, sunana na liƙe ga nashi." Bayan an tashi, Malam Faruk ya bi takarda da yatsa. Yari na farko da ya gani shi ne Haliru, layinsa babu sa hannu. Sai ya ce a ransa, ai shi ne, ya yi zamansa gida tunda an gama magana. Bai ƙara gangarawa ƙasa ba. Ya zaro littafin amsar da ya fi kowane cika, ya cire bangonsa, ya sa sabo da lambar Haliru, sannan ya sake rubuta takardar sa hannu, ya bar layin mai littafin fayau.

A ofis, Sufeto ya zaunar da Alhaji Yari da Malam Faruk, Malam Gajere na gefe.

"Ba aljani, ba hwatalwa," in ji Sufeto. "Wanda yas saci maki, mai rai shika sato ma. Gidan Alhaji mai rai guda ad da buƙata. Da Alhaji ya buɗe baki ya ce Kabiru, da yanzu yarinyag ga ta rasa gurbinta, ba wanda zai yarda da ita. Alhaji, ka ji kunyar kiran sunan ɗanka, ba ka ji kunyar cin haƙƙin ɗiyar wani ba."

Alhaji bai ɗaga kai ba. Kabiru, wanda bai san komai ba, yana tsaye a waje da baƙin mai a hannunsa. Da ya ji, ya juya ya koma fadama.

Hukumar jarrabawa ta buɗe littafin amsar, aka gwada da littattafan Bara'atu na aji. Hannu ɗaya ne. A rana ta takwas aka mayar mata da makinta, gurbinta ya tabbata. Layi na goma sha bakwai kuma aka gyara shi ya koma kamar sauran darussansa.

Kafin ta tafi jami'a, Bara'atu ta je sallama wurin Kaltume. Ta durƙusa a inuwar rumbu. Kaltume ta kwance bakin zanenta, ta ciro guntuwar takardar da ta yi laushi don shafa, ta sa mata a hannu.

"Amshi, ɗiyata. Sun ce naki na."

"Inna, ki gahwarce ni."

"Mi kiy yi min? Allah shi ba ki sa'a." Ta dubi ƙofar ɗakin Haliru da aka rufe tun bazara. "Ashe dai bai zo ba."