Hatimi a Juye

Insifekta Labaran bai gama tsoma burodinsa a shayi ba aka ce masa mai'unguwar Zongo yana ƙofa. Alhaji Abdulƙahar ba mutumin da ke zuwa komisariya, ofishin 'yan sanda, da ƙafarsa ba ne, shi ake zuwa wurinsa. Ganinsa da sassafe, hula a karkace, ya isa ya nuna ba lafiya ba.

"Hatimina aka ɗauke, Insifekta," in ji shi tun kafin ya zauna.

"A ina kake ajiye shi, Alhaji?"

"Cikin gwangwani, ƙarƙashin gadona. Ɗakin da baƙo bai taɓa taka shi ba. Ran Juma'a da safe yana nan, na dawo masallaci babu shi."

Wani zai ce me za a yi da guntun roba da katako. To, a wannan daminar hatimin nan ya fi rago daraja a Kwatano. Ba a daɗe da yin babban taron ƙasa ba, malamai sun daina yajin aiki, makarantu sun farfaɗo. Makarantar gwamnati da ke bakin Zongo kuwa ta yi suna, don yaranta ba sa faɗuwa jarrabawa. Benci ya yi kaɗan, sai aka kafa doka: ba a ɗaukar yaro sai mazaunin unguwa, da takardar shaida mai hatimin mai'unguwa. Nan da nan kowa a garin ya tuna yana da kawu a Zongo.

"Na kori 'yan unguwar Houéyiho, na kori 'yan Sainte-Rita, har da aminaina," in ji Alhaji. "Yanzu sai a ce ni ke sayar da benci. Zamanin nan kowa ya sami baki."

Labaran ya bar shayin ya huce, ya hau babur ya nufi makarantar.

Shugabar, Madam Assétou, mace ce mai tabarau da gajeren haƙuri. Ba ta jira ya gama bayani ba ta zaro takarda guda daga aljihun tebur.

"Ga wannan, ran Asabar aka kawo ta. Dubi hatimin."

Ya duba. Rubutun tsaf, irin na masu rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya. Amma hatimin a juye yake, kansa a ƙasa. Takardar ta ce wata yarinya Rahina, 'yar shekara shida, tana zaune a gidan Kamaludeen tela, cikin Zongo.

"Kin tambayi yarinyar?"

"Ni ba na tambayar yara inda suke kwana, an riga an koya musu amsa. Cewa nake yi, me kika gani a hanya yau?" Ta tura tabarau sama. "Ta ce ta ga masunta suna jefa koma, kuma kwale-kwale ɗaya ja ne."

Labaran ya yi murmushi. Babu ruwa tsakanin shagon tela da makarantar nan sai na kwata. Mai ganin masunta da safe gada ya ƙetaro, daga unguwar Akpakpa.

Ya leƙa ajin ta taga. Madam ta nuna masa ita a bencin gaba, 'yar siririya, ta fito da harshe tana fama da alli a kan allo. Tausayinta ya kama shi, don bai ga wanda ya kai ta son abin da take yi ba a duk ajin.

"Kanta na ja, ban ƙi ba," in ji Madam. "Amma akwai 'yan unguwa da ke jiran bencin nan. In har ba a Zongo take kwana ba, ƙarshen makon nan ta tafi."

Kamaludeen tela yana da ɗaki ɗaya da keke ɗaya, da baki mai ɗinki fiye da keken.

"Rahina? Ai 'yar ƙanwar matata ce, Yallaɓai. Nan take kwana, nan take tashi."

"Ina tabarmarta?"

"An kai shanya."

"Takalmanta na gida?"

"Yaran yanzu, Yallaɓai, ka san su da yar da kaya."

Wata mai sayar da ƙosai a maƙwabta ta kasa riƙe dariya. "Ranka ya daɗe, ɗakin nan albarka gare shi. A takarda ya fi aji yawan yara, amma ko kukan jariri ba mu taɓa ji ba."

Tela ya sunkuyar da kai. Da aka matsa masa ya yarda yana ba da aron sunan gidansa, wai taimakon Musulmi. Ya ce wata tsohuwa ce daga Akpakpa ta kawo yarinyar, ya nuna mata abin da za ta faɗa. Hatimi kuwa ya rantse bai san hanyar ɗakin Alhaji ba.

"Me aka ba ka?"

"Ko sisi. Tuwo kawai ake aiko min da yamma, tun da matata ta tafi wankan gida. Yara ke kawowa, ban tambayi daga ina ba. Wa ke tambayar tuwo asalinsa?"

Labaran ya ɗauki kwanon da ke ƙarƙashin keke ya kifa shi. A gindinsa akwai ɗigon shuɗin fenti guda biyu. Matan Zongo kowace da alamar da take yi wa kwanukanta, don kada su ɓace a gidan biki. Ya nuna wa mai ƙosai.

"Wannan ai na gidan mai'unguwa ne," ta ce, sannan ta rufe bakinta da hannu.

Ashe ɓarawon a gida yake cin tuwo. A zauren Alhaji, Labaran ya fara da Muhuyi, ɗan ƙanen mai'unguwa, wanda ke rubuta masa takardu. Duk gidan shi ake kallo, shi ma ya sani, gumi sai karyo masa yake.

"Ina kake lokacin sallar Juma'a?"

"Masallaci, Insifekta."

"Wa ke kusa da kai a sahu?"

Muhuyi ya lissafa mutane, ciki har da wani da ya yi wata guda a can garin Parakou. Da ƙyar ya faɗi gaskiya cikin raɗa: taron wata sabuwar jam'iyya ya je, wadda Alhaji ba ya son ko jin sunanta.

Labaran ya miƙa masa hatimin ofishinsu da farar takarda. "Buga."

Muhuyi ya juya shi ya duba rubutun, ya daidaita, ya buga tsaf, ba tare da ya san ya yi hakan ba. Mai karatu ko a gigice yake ba ya buga hatimi a juye.

"Tafi ka sha ruwa," in ji Labaran. "Siyasarka kuma tsakaninka da baffanka."

Saura cikin gida. Uwargida Hajiya Husaina ta ce mata huɗu ke shiga ɗakin Alhaji don shara: ita, da 'ya'yanta biyu, da Larai matar ɗanta direban babbar mota, wanda ke kan hanyar arewa. Duka babu wadda ta yi boko. Ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya ko sun san wata Rahina. Kowace ta ce a'a. Larai ma ta girgiza kai, idonta a kan shinkafar da take tsincewa.

"Larai 'yar ina ce?" ya tambayi Hajiya a gefe.

"Iyayenta 'yan Kano ne, suna kasuwanci a Akpakpa. Mijinta na fari ya rasu. An ce ta bar ɗiya wurin uwarta, amma ka san 'yar fari, ba ta taɓa ɗaga mana zancen ba, mu ma ba mu tone ta ba."

Labaran ya san wannan kunyar. Shi ma ɗan fari ne. Har mahaifiyarsa ta koma ga Allah bai taɓa jin sunansa a bakinta ba, sai "kai" da "wancan yaron", alhali naman miya a ƙasan tuwonsa take ɓoye shi.

Da aka tashi makaranta, ya roƙi Madam Assétou ta rako yarinyar gidan mai'unguwa. Suna shiga tsakar gida mata suka yi caa. Wannan ta ja kumatunta, waccan ta ce 'yar boko a karanta mana wasiƙa. Larai kaɗai ta juya baya ta ci gaba da tsintar shinkafar da ta riga ta tsince. Ita ma yarinyar ta kalli kowa, har akuyar da ke ɗaure, ban da wannan kusurwa.

"Rana ta dake ta," in ji Labaran. "Sunanta Rahina. Kowace ta kira ta da sunanta, ta ba ta ruwa."

Hajiya ta kira, 'ya'yanta suka kira, yarinya ta yi ta kurɓa har cikinta ya cika. Aka zo kan Larai. Ta ɗebo ruwan a moɗa.

"Ke," ta ce a hankali. "Zo ki sha."

"Da sunanta na ce."

Larai ta buɗe baki ta rufe. Za ta iya yi wa ɗan sanda ƙarya, ta yi kuma ɗazu. Amma ta kira sunan 'yar farinta a gaban surukai, wannan harshenta bai san hanyarsa ba.

Hajiya ce ta fara ganewa. "La'ilaha illallahu. Larai, taki ce?"

Larai ta ajiye moɗa, ta shiga kicin, ta tura hannu cikin buhun gero ta fito da hatimin. Ta durƙusa a gaban Alhaji, wanda ya fito jin salati.

"Ni na ɗauka, Baba. Na ce in buga in mayar kafin a sauko, sai 'yan gaisuwa suka cika tsakar gida, na rasa hanya. Da kuka dawo kuka sa kwaɗo."

"Me ya hana ki tambaye ni?" Muryar Alhaji ta fi kama da ta mai ciwo da ta mai faɗa.

"Da wane baki, Baba? In tsaya gabanku in yi maganar waccan, 'yar wani gida? Kuma na ji kun kori aminanku." Ta share ido da gefen mayafi. "Makarantar can wajenmu yara a ƙasa suke zama, malam ya zo yau, gobe babu. Ni ko abin da na buga ban san kansa da ƙafarsa ba. Ban so ita ma ta tashi haka."

Alhaji ya juya wurin Labaran. "Na janye ƙarata."

"Satar taka ce, Alhaji, kana iya yafewa. Takardar ƙarya kuwa ta hukuma ce, ta riga ta shiga hannunmu. Dole ta bi ni ta ba da bayani, ita da telan. Zan rubuta cewa da hannunta ta fito da shi." Bai ji daɗin faɗin haka ba, kuma bai ɓoye ba.

Larai ta miƙe ba gardama. Tambaya ɗaya ta yi, ita ma ƙasa take kallo. "Bencin fa?"

Madam Assétou ta gyara tabarau. "Doka ta ce sai mai kwana a Zongo. Ba ni na yi ta ba."

Hajiya Husaina ta kamo hannun yarinyar ta zaunar da ita a kan cinyarta. "To daga yau a ɗakina take kwana. A aika Akpakpa a kwaso kayanta. Alhaji, kai ne mai'unguwa, a ina yarinyar nan take zaune?"

Alhaji ya dubi matarsa. Sannan ya ƙwala wa Muhuyi kira ya kawo takarda. Ya hura hatimin ya kakkaɓe geron da ya maƙale, ya buga da kansa, ya miƙa wa Madam. Ta karanta har ƙasa, ta ninke ta sa a jaka.

"Gobe ƙarfe takwas," ta ce wa Rahina. "Kada ki makara, yanzu ba ki da uzurin gada."

Labaran ya yi gaba, Larai na biye. Ta ratsa tsakar gidan nan ba ta dubi inda 'yarta take ba ko sau ɗaya. Sai da ta kai bakin zaure ta tsaya, ta ba su baya, ta yi magana kamar da bango take.

"Hajiya, yarinyar nan ba ta cin yaji. A riƙa ɗebar mata miya kafin a zuba."