Taku Biyar Daga Bakin Ƙofa

Ranar da Auta ta fara ganinsa, idanunsa kawai ta gani. Kwana tara ke nan da saka dokar kulle saboda annoba, titi shiru kamar an share shi, sai ta ji an ƙwanƙwasa ƙofarsu sau uku. Da ta buɗe, leda ta tarar a ƙasa cike da yadi da roba. Mai ledar yana can nesa, jingine da ƙarfen matakala, takunkumi ya rufe masa rabin fuska.

"Ke ce telar da za ta ɗinka mana takunkumi?"

"Ni ce. Kai ne ɗan aiken da ke tsoron mutane?"

Dariya ta cika masa ido. "Dokarmu ce ta 'yan sa-kai. Mu ajiye, mu ƙwanƙwasa, mu ja baya taku biyar, kuma ba ma tafiya sai mun ga fuskar mai gida. Dogo ake ce min."

"Ai ba sai ka faɗa ba," ta ce.

Daga ranar ta riƙa ɗinka arba'in kullum, shi kuma ya kwasa a motar ƙungiya, ya haɗa da abinci da magani ya raba wa tsofaffi da marasa ƙarfi. Sauran hirar a waya take.

"Zumata, tsohuwar hawa na uku ta ce ɗinkinki bai cin kunne. Na ce mata ni zuciya ya ci min."

"Allah Ya shirye ka. Ka wanke hannu dai?"

"Har sun fara ƙorafi."

Ranar da komai ya lalace, Baba ne ya buɗe ƙofa. Dattijo ne mai ciwon suga, mai son a girmama shi. Ya miƙa hannu da fara'a. Dogo ya ɗora nasa a ƙirji, ya rusuna, ya ƙara ja baya.

"Baba, a yi min afuwa, daga gidan mara lafiya nake."

"Au, hannun nawa ne ke da datti?"

"Wallahi ba haka..."

Baba ya maida ƙofa garam. "In na sake jin sunan yaron nan a gidan nan, ni da ke ne. Na haife shi, na miƙa masa hannu, ya bar ni tsaye kamar mabaraci!"

Shi Baba yana da nasa zaɓin na suruki, ɗan amininsa da Auta ke kira Mai Turare. Kullum da la'asar yakan zagaya ta lungu ya kauce wa jami'ai, ya riƙe hannun Baba da hannu biyu, ya baje a falo ba takunkumi.

"Kin ga ɗan mutunci," in ji Baba.

Auta ta riƙa kuka a kan keken ɗinki har zare ya daina ganuwa.

"Na cuce mu, Zumata," Dogo ya rubuto. "Amma gara ya tsane ni yana numfashi."

Bayan mako guda Baba ya fara tari. Ya ce mura ce. Ran na huɗu da azahar ya zube tsakanin kujera da tebur, ƙirjinsa na sama da ƙasa, leɓɓansa sun canza launi. Mama ta ɗora hannu a ka. Layin motar asibiti ya ƙi shiga. Auta ta kira Mai Turare, ya ɗauka da dasasshiyar murya, ya ce shi ma kwana biyar ke nan yana kwance da zazzaɓi.

Sai ta danna lambar da aka hana ta.

Cikin minti bakwai Dogo ya iso. Ya tsaya inda ya saba tsayawa, yana haki, ya hango Baba a ƙasa. Auta ta ga ƙafarsa ta ɗan yi jinkiri. Sai ya tako, ya shige falon da bai taɓa shiga ba, ya goya Baba, ya sauko da shi hawa huɗu, tarin dattijon na sauka a wuyansa.

A asibiti likita ya ce da sun ƙara rabin awa, da labari ya sha bamban.

Aka killace Auta da Mama a gida, Dogo ma a nasa ɗakin. Kwana shida saƙonnin Dogo na zuwa, ran na bakwai suka ɗauke.

"Hasken idona, ka yi fushi ne?" ta rubuta masa.

Shiru.

"Ko 'eh' ce ka rubuto, don Allah."

Shiru. Ta zargi kanta, ta zarge shi, ta ce ko ya gaji da wulaƙancin gidansu ne. Washegari wata 'yar sa-kai ta kawo musu abinci, ta tsaya nesa tana murza yatsu.

"Jiya mun kai wa Dogo nasa, muka ƙwanƙwasa, bai buɗe ba. Kin san ba ma tafiya sai mun ga fuska. Ɓalle ƙofar muka yi. Yana asibiti, an sa masa oksijin."



Kwana uku abinci bai wuce maƙogwaron Auta ba. Ran na huɗu da hantsi wayarta ta yi ƙara, lambar Baba ce.

"Auta." Muryarsa a raunane. "Gadon yaron nan na kallon nawa. Kwana uku idona na kansa, robar hancinsa na zamewa ina yi wa nas ihu, har sun fara kirana sifeto."

"Baba, yana... yana da rai?"

"Yanzu ya buɗe ido. Kin san abin da ya fara cewa? Wai Baba ka sha maganin suga?" Ta ji yana jan hanci. "Ni na yi wauta, 'yata. In ya miƙe, ya turo manyansa."

Bayan wata biyu aka sassauta doka, aka ɗaura aure da mutum goma cif, kujeru a wawware, tagogi a buɗe. Ango ya rame, rigar da amarya ta ɗinka masa na lilo a jikinsa. Sauran tsofaffin unguwa suka leƙo ta tagoginsu suna ɗaga hannu.

Baba ya miƙe da sandarsa, ya dubi 'yarsa, ya dubi surukinsa.

"Kai ka riƙe min rai, ga abin da ya fi min ran nan na ba ka. Allah Ya yi muku albarka, Ya tsare ku daga ciwo, Ya ba ku 'ya'ya masu tausayin maƙwabci."

Daga falo har tagogin maƙwabta aka amsa da amin.