Koren Rini a Tsohon Bututu

Sai gari ya yi barci muke duba tsohon bututun ƙazanta, don a lokacin duk ruwan da ke gudu ciki ta tsaga ya kurɗo. Na zuba koren rini a kwatar bakin titi, na koma in ga ko zai ɓullo a bututun. Sai ga wani dattijo tsugune kan murfin ƙarfen da ke rufe bakin bututun. Na ɗauka ɓarawon murfi ne.

"Baba, me kake nema?"

"Ɗana, kada ku liƙe tsagar nan. Ta nan iyalina ke shan iska."

Murfin dai a kulle yake. Na haska dattijon da tocila. Ruwa na ɗiga daga gemunsa, kore shar.